Za mu bi kwarin Gongola a mota da yara, ina da ina ya kamata mu tsaya?

Baban Hanifa, Bauchi:
Assalamu alaikum jama'a. Idan an yi hutu ina so in ɗauki iyali mu bi kogin Gongola ta ɓangaren Gombe. Babban yarona an karantar da su yaƙin Bormi a makaranta, tun daga nan ya hana ni sakat, sai na kai shi ya gani da idonsa. Asabar da Lahadi kawai gare mu, motar kuma ƙarama ce. Mutanen Gombe, ta ina za mu bi?

Kawu na Bajoga:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Malam, kada ka bi ta Alkaleri wannan karon, gadar Dindima kaɗai za ka gani ka wuce. Ka bi ta Darazo ka nufo Dukku. A kan hanyar nan Gombe Abba take, kusa da kogin, garin Modibbo Buba Yero wanda ya karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu. Nan ce hedikwatar masarautar ta farko, kabarinsa ma yana can. A 1913 Turawa suka mayar da sarauta Nafada, a 1919 kuma aka dawo da ita Doma, wato Gomben da muka sani yau. Yaron zai gane cewa Gomben da ya sani ita ce ta uku.

Amma Bormi ita ce zuciyar tafiyar, don haka ka ware mata safiya guda. Daga Gombe ka bi ta Malam Sidi zuwa Bajoga, wurin ba shi da nisa daga nan. Kafin ku isa ka ba shi labarin a mota. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas da niyyar isa Makka, jama'a suna ta binsa gari gari har ya iso Bormi. Bormi a lokacin gari ne mai ganuwa na mutanen Malam Jibril Gaini, wani malami mai aƙidar Mahadi. Harin farko da Turawa suka kai a watan Mayu mutanen garin suka kore su. Suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli, aka wuni ana gwabzawa, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Manjo Marsh da ya jagoranci Turawan shi ma a nan ya mutu, kaburburan biyu duk suna wurin. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, garin da suka kafa a can har yau sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutum zai wuce wurin bai san ya wuce ba. Kada ku sa ran ganin gine-gine, fili ne da gonaki. Ka nemi dattijon gari ya raka ku, ku yi wa mamatan addu'a, ka kuma sallame shi da ɗan abin goro.

Maman Sadik, Gombe:
Kawu, duk tarihi ka zuba musu, ƙananan fa? Baban Hanifa, ku ƙara da Dadin Kowa, a kan hanyar Biu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Gombe. Madatsar ruwan da ke kan kogin a can tun 1984 aka gama ta, daga nan ake tace ruwan da muke sha a cikin gari, yanzu kuma har lantarki take bayarwa. Akwai masunta, a sayi kifi sabon kamu ko bandararre. Dutsen Bima ma ta wannan yankin yake, wanda magabata suke alaƙanta shi da bayyanar Mahadi. A dawowa ku tsaya Kwadon, Maman Hanifa ta yi cefanen tumatir da albasa. Ku riƙe yara da kyau a bakin ruwa, don Allah.

Baban Hanifa:
Na gode Kawu, na gode Hajiya. Nafada fa, za ta shiga lissafi?

Kawu na Bajoga:
A nan kogin yake karya kwana ya juya kudu ya nufi Numan, inda yake zuba a Binuwai, kuma wuri ne mai kyan gani da rani. Sai dai lokacinku ba zai kai ba. Asabar ku yi Gombe Abba ku kwana Gombe, idan kun iso da wuri ku leƙa Dadin Kowa da la'asar. Lahadi bayan asuba ku taso Bajoga. Ku cika tanki tun daga Gombe, ku ɗauki ruwan sha isasshe, kuma ku kama hanyar Bauchi kafin la'asar don kada dare ya yi muku a hanya.