Filasha ko LED: wacce ta dace da ɗan ɗakin hoto na gida?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗakina mita 3 ne da mita 4, ina so in riƙa ɗaukar hoton mutane sanye da ɗinkin shadda da atamfa. Kyamara akwai, amma kuɗin fitila ɗaya ne a hannuna, wuta kuma ba ta zama a unguwarmu. Me zan saya?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda wuta ba ta zama, filasha, wato fitilar da ke walƙiya lokacin ɗaukar hoto, ta fi miki. Godox TT600 da batir AA huɗu take aiki. Ki haɗa ta da tiriga ta kan kyamara (na'urar da ke kunna filashar daga nesa), da sofbos (akwatin yadi mai tausasa haske) mai santimita 60 da 90, da ƙafar tsayawa. A saitin kyamara ki fara da ISO 100 (yadda take jin haske), f/5.6 (buɗewar idon kyamara), ƙarfin filasha 1/4, shata 1/200 (saurin buɗewa da rufewar kyamara, a daƙiƙa). Idan saurin shata ya wuce abin da kyamarar ke iya daidaitawa da filasha, baƙin layi zai yanke gefen hoton.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma in har za ki yi bidiyon talla, filasha ba za ta yi ba. Sai LED, fitila mai haske a kai a kai, irin Godox SL60W, farin haske 5600K, kina ganin inuwa tun kafin ki danna. Kada CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da launi daidai, ya gaza 95, in ba haka ba jan atamfa sai ya koɗe. In da janareta za ki kunna ta, ki sa sitabilaiza. Wutarmu 50Hz ce, fitila mai arha takan kawo layi-layi a bidiyo, sai a sa shata 1/50 ko 1/100.

Amsa ta uku: Ni dai wurin ajiye fitilar ya fi damuna. Ki tsayar da sofbos a gefe, kusurwa 45, sama da ido kaɗan, kusan mita ɗaya daga fuska. Kusanci ke tausasa haske, shi ke hana goshi da shadda ƙyalli mai zafi. In kin ninka nisan, hasken zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗaya gefen ki jingina farin kwali, ya isa ya rage inuwa. Mutum ya matso mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga labulen baya don kada inuwarsa ta faɗa kai. Ki kashe ƙwan ɗakin, domin ruwan ɗorawarsa na gurɓata launin fata. Bangon ma in mai launi ne, zai zuba launinsa a fuska, ki rufe shi da farin yadi. Ƙafar fitilar kuma a danne ta da buhun yashi, musamman in yara za su shigo.