Waɗanda suka girka Gentoo don aikin yau da kullum: waɗanne tutocin USE kuka kunna?

Ɗalibi daga Marwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama matakin farko na girka Gentoo, wani nau'in Linux da ake gina manhajojinsa a kan injin mutum, a wata tsohuwar kwamfutar cinya, furosesa mai zare 4, RAM gig 8. Tana tashi, tana kama intanet, amma har yanzu baƙin allo ne da rubutu. Xfce, fuskar tebur mai tagogi da ake dannawa, nake so in ɗora. Da na buɗe /etc/portage/make.conf sai na tsaya a kan layin USE, inda ake jera tutocin da ke kunna ko kashe sassan manhajoji: wasu na cewa a cika shi da duk abin da ake tsammanin za a buƙata, wasu na cewa a fara da -* a kashe komai. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka yi aikin a nan yankinmu, da zafinmu, da ɗauke wutarmu, da tsadar mega. Me kuka zaɓa, yaya ta kaya?

Mai gyara, Garwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taɓa layin nan tukuna. Rubuta eselect profile list, zai nuna maka profile-profile, wato tsare-tsaren tutoci da aka riga aka shirya, ka zaɓi na 23.0 mai ƙarewa da desktop, tunda Xfce kake so. Masu plasma da gnome na masu son waɗancan fuskokin tebur ne. Wannan zaɓi kaɗai zai kunna maka X, dbus, udisks, policykit, cups, alsa, mp3, png da sauran abin da kwamfutar tebur ke buƙata. Mutanen da ke kula da manhajojin ne suka jera su, kuma an gwada su tare.

Shi -* ɗin nan na ga aikinsa da idona. An kawo mini wata kwamfuta shago, mai ita ya girka komai lafiya, amma in ya soka filasha ba ta fitowa, maɓallin kashewa ma ya dushe ba ya dannuwa. Na duba, udisks da policykit da elogind duk a kashe. Gyaran layi ɗaya ne, amma sake ginin da ya biyo baya ya cinye mana yini.

Babban dalilina kuwa shi ne wannan. Tun ƙarshen Disambar 2023 Gentoo ke raba ginannun ƙunsoshi a hukumance. Ka sa getbinpkg cikin layin FEATURES a make.conf, emerge, mai girka manhajoji a Gentoo, zai sauko da wanda aka riga aka gina maimakon ya dafa naka daga ɗanye. Sai dai da sharaɗi: dole tutocinka su dace da waɗanda aka gina ƙunshin da su. In suka saɓa ko da ɗaya ce, zai tsallake ginannen ya koma gini a kan injinka. Ke nan duk tutar da ka ƙara ko ka cire a make.conf tana iya jawo maka sa'o'i na kukan fanka. A Garwa cikin watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni nawa make.conf ɗin bai wuce tutoci uku ba, sauran duk suna /etc/portage/package.use, kowace manhaja da layinta.

Hajiya mai shagon buga takardu, Njamena

Malam ya faɗi gaskiya, zan ƙara da abin da na tarar a shago. Mu a nan takarda ɗaya sai ta zo da Faransanci a sama, Larabci a ƙasa, wani lokaci katin ɗaurin aure da Hausa. Don haka abin da ya fi damuna shi ne L10N, layin zaɓar harsuna. Na sa L10N="fr ar", sai LibreOffice da Firefox suka zo da harsunan da yaran shago ke iya karantawa. Dukansu biyun masu ƙarewa da -bin, wato ginannu, na ɗauka, libreoffice-bin da firefox-bin, don ba ni da injin da zan sadaukar wa gini alhali kwastoma na tsaye.

Sai haruffa. Ka girka media-fonts/noto da dejavu tun farko, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su riƙa fito maka kamar 'yan akwatuna a wasu wurare. Madannanmu AZERTY ne, amma akwai tsarin Hausa a ciki, setxkbmap ng -variant hausa, sai dai shi a kan QWERTY aka ɗora shi, yatsu sai sun saba.

Tuta ɗaya da na ƙara da hannuna ita ce mtp. Rabin masu zuwa buga takarda a waya suke kawo ta. Ana soka wayar tana caji, amma Thunar, mai buɗe fayiloli na Xfce, ba ya ganinta. Na rubuta gnome-base/gvfs mtp a package.use, aka sake gina wannan ƙunshin guda, wayoyi suka fara buɗewa. Ɗana, in kana da wayar Android ka sa wannan layin yau.

Injiniya, Ngaundare

Ku yi mini haƙuri, ina da ɗan saɓani. In mutum zai bar komai yadda ya zo kuma ya riƙa sauko da ginannu, to Debian ta ishe shi. Tun fitowar Gentoo 1.0 a 2002 abin da ya bambanta ta shi ne mai kwamfuta ya yanke abin da zai shiga injinsa. Ni ba ni da firinta, ba ni da bluetooth, ba na saka faifan DVD, don haka na kashe cups, bluetooth, dvd da cdr gaba ɗaya, kuma ban taɓa neman su ba.

Wanda ya fi yi mini amfani shi ne -webengine. Ina kan Plasma, kuma wasu sassanta na jawo qtwebengine, wanda Chromium ne sukutum a cikinsa. Shi da webkit-gtk da llvm da rust su ne manyan da ke kwana suna gini. Kashe tutar ya raba ni da shi, ko da yake akwai manhajojin da ba sa tafiya sai da shi.

Na yarda cewa nan kan tudu muna da sanyin da ku ba ku da shi, kuma injina na tebur ne mai RAM gig 32. Amma ko da wane inji, kada ka kashe tutar da ba ka karanta ba. Girka gentoolkit, ka rubuta equery uses da sunan manhajar, zai nuna maka aikin kowace tuta a wannan manhajar. Suna ɗaya na iya nufin abu daban a wurare biyu.

Ɗan Kusiri

Injiniya, kai da ke Ngaundare ka ji daɗinka. Nan bakin Lagon in bazara ta kama zafi na haura digiri 40, kwamfutar cinya kuma tana mutuwa da kanta in furosesa ya yi zafi ya wuce iyaka. Ɗan'uwa na Marwa, abin da zai cece ka yana cikin MAKEOPTS, layin da ke faɗin ayyukan gini nawa za su tafi a lokaci ɗaya. Ƙa'idar da aka sani ita ce gig 2 na RAM ga kowane aiki guda, ke nan -j4 ne iyakarka. Ni da irin injinka -j2 nake sa wa da rana, in ɗora bayansa kan marafan kwalba biyu don iska ta ratsa ƙasa, in buɗe sensors a gefe ina kallon lambar zafin furosesa. Bayan hunturu kuma a buɗe a hure ƙurar fanka, don tana toshe ragar kamar auduga.

Maganar wuta: in aka ɗauke batir ya ƙare, emerge --resume zai ci gaba da jerin, amma ƙunshin da aka katse daga farko zai faro. In llvm ne, aikin dare ya tafi. Kunna ccache yana rage wannan asarar, don abin da aka riga aka gina yana nan a ajiye.

Mega kuma, ina yin emerge --fetchonly lokacin da intanet ta yi arha ko ta yi ƙarfi, in yi ginin daga baya ba tare da ita ba. Abin da ya taru a /var/cache/distfiles muna kwafa wa juna a filasha, ni da wani abokina da ke tsallaken gadar Ngeli.

Mai gyara, Garwa

Injiniya, ban ƙi taka ba, ga mai inji irin naka daidai ne. Amma dubi lissafin yaron nan. In ya kashe cups a ko'ina, gtk da duk abin da ke da wannan tutar sun daina dacewa da ginannu, zai gina su da kansa don ya tsira daga ƙunshin da bai kai ya kawo ba. Qtwebengine ɗin ma da kake gudu, in tutocinka sun dace saukowa kawai zai yi. Mu a arewa wutarmu ta dogara sosai da madatsar Lagdo, kowa ya san yadda take in ruwan Binuwai ya ja baya. Gara ya fara kusa da profile, in ya zauna da injin ya san abin da ke damunsa, sai ya rage ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin lura: -march=native a COMMON_FLAGS, wanda ke sa a yi gini daidai da furosesanka, ba ya hana ɗaukar ginannu, yana shafar abin da ka gina da kanka ne kawai. CPU_FLAGS_X86 da VIDEO_CARDS kuwa tutoci ne su ma, don haka ffmpeg ko mesa na iya komawa gini saboda su. Waɗannan kam sun cancanci wahalar.

Ɗalibi daga Marwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na zaɓi desktop, na kunna getbinpkg, na sa -j2 da layin mtp na Hajiya. Xfce ta tashi, kuma yawancin ƙunsoshin saukowa suka yi. Saura abu biyu: wifi ba ya fitowa sai na jona waya da kebul, sannan emerge ya ce akwai canjin USE da ake buƙata, ya rubuta wani fayil amma bai yi aiki da shi ba.

Injiniya, Ngaundare

Madalla. Na wifi mai yiwuwa lasisi ne: sa sys-kernel/linux-firmware linux-fw-redistributable a /etc/portage/package.license, ka girka linux-firmware, ka sake tayar da injin. Na biyun kuma rubuta dispatch-conf, zai nuna maka layin da yake son ƙarawa, ka karanta kafin ka danna u. Daga nan sai emerge --ask --update --deep --changed-use @world. Ka duba jerin kafin ka amsa, waɗanda aka rubuta binary a gabansu saukowa za su yi, masu ebuild su ne za a gina. In ka ga llvm ko rust cikin masu ebuild, ka turo mana jerin tukuna mu duba wace tuta ce ta jawo.