Kayan jarirai: wanne kuka mora da gaske, wanne ya zauna yana shan ƙura?

Mai Jiran Haihuwa:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Cikina ya shiga wata bakwai, kuma haihuwar fari ce. Na zauna rubuta abin da za mu saya, takarda ta cika har na juya baya: gado, keken turawa, kujerar mota, injin tatsar nono, na'urar dafa fida, lilo, keken koyon tafiya, har da wani abu wai shi mai ɗumama tishun goge jiki. Duk wanda na tambaya sai ya ƙara mini abu, ba wanda ya rage ko ɗaya. Ga ɗakinmu ba wani girma gare shi ba. Don Allah waɗanda suka riga mu, ku faɗa mini tsakani da Allah: me kuka riƙa taɓawa kullum a watannin farko, me kuma kuka saya ba ku waiwaye shi ba? Abin da ya faru a gidanku nake son ji, ba jerin masu talla ba.

Maman Uku:
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Ajiye takardar nan tukuna. A farkon zuwansa, jariri abu huɗu yake yi: ya sha nono, ya yi barci, ya ɓata jiki, ya yi kuka. Duk abin da bai shafi ɗaya cikin waɗannan ba zai iya jira.

Abin da hannuna bai rabu da shi ba famfas ne da ƙananan tawul masu laushi. Sabon haihuwa yakan ɓata famfas 8 zuwa 12 a kwana guda, amma kada wannan ya sa ki jibge kwali-kwali na ƙaramar lamba, don ba ki san da nauyin da zai zo ba. Na biyuna ya zo da jiki, kafin mu ankara ƙaramar lambar ta fara shata masa cinya, sai kyauta na yi da ragowar. Tawul kuwa ba sa yawa: na goge tumbuɗi, na ɗorawa a kafaɗa, na shimfiɗawa in za ki canza shi.

Tufafi ne inda kuɗi suke zurarewa. Yaro yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5, ya ninka shi uku in ya cika shekara. Rigar da kika ƙyasa, da ƙyar zai sa ta sau biyu. Ki nemi na auduga masu buɗewa ta gaba har ƙasa. Mai maɓallai a baya, ko mai matsattsen wuya da sai an cusa kai, ranar da kika tashi canza shi da tsakar dare kina gyangyaɗi sai kin ji haushin wanda ya ɗinka ta. Takalmi kuma, wanda bai fara taka ƙasa ba me zai yi da shi? Safa ta isa.

Sabon Uba:
Ni abu ɗaya zan ce, kuma ga masu mota ne. Kujerar mota ba ta cikin abubuwan da ake jira, domin ranar dawowa daga asibiti ake fara buƙatarta. Matata da farko ta ce ai hannun uwa ya fi kowace kujera. Tana da ciki wata rana na taka birki da ƙarfi, jakarta da ke baya sai ga ta a ƙafafunmu a gaba. Daga nan gardama ta ƙare.

Ana ɗaura ta a kujerar baya, jariri yana fuskantar bayan mota, saboda kansa ya fi ƙarfin wuyansa. In an yi karo, jikin kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai ta R129 ta ce aƙalla har wata 15 a haka, a Suwidin kuwa sukan bar yara suna fuskantar baya har wajen shekara 4. Kada a taɓa ɗaura irinta a gaba inda akwai jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari. Kuma ku gwada ɗaura ta a motarku tun kafin haihuwa, ba ranar sallama ba kuna tsaye a rana kuna karanta takarda.

Anti Nas:
Ina aiki a sashen yara, kuma ni ma uwa ce, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita a kan wurin barci, domin nan ne masu talla suka fi cutar iyaye.

Abin da jariri yake buƙata shi ne wuri nasa shi kaɗai, shimfiɗaɗɗe, katifa mai tauri da ta cika gadon ba gibi, da zanen gado da ya kama ta tam. Shi ke nan. Ba filo, ba bargo mai kauri, ba 'yar tsana, ba wannan katangar soso mai kwalliya da ake zagaye cikin gado da ita. A kwantar da shi rigingine, kowane barci, na dare da na rana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ya kwana ɗaki ɗaya da iyaye aƙalla wata 6 na farko, amma kowa da makwancinsa.

Abin takaicin shi ne, kayan da suka fi ɗaukar ido a hoto su ne suka fi haɗari. A 2019 an janye wani gadon lilo mai gangare na kamfanin Fisher-Price, mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7 daga kasuwa bayan mutuwar jarirai a cikinsa. A 2022 Amurka ta kafa doka ta haramta sayar da katangar soson gado da irin waɗannan makwantai masu gangare. Dalilin a fili yake: in jariri ya kwanta a gangare, kai yana faɗowa gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta matse, ko kuma ya juya fuskarsa ta nutse a soso, ba shi da ƙarfin ɗagowa. Shi ya sa ma, Malam Sabon Uba, in kun iso gida yana barci a kujerar mota, a ciro shi a mai da shi gadonsa.

Ni ƙaramin gado mara kwalliya na saya na ajiye gefen namu. Ya yi wa yarana duka.

Kakar Yara:
'Yata nas, ban ƙi taki ba, amma ina da tambaya. Mu da muka raini namu, tsoron da ake ba mu shi ne in yaro ya kwanta rigingine ya yi tumbuɗi zai shaƙe. Yanzu kuma kun zo da akasin haka. Jikata da ke hannuna yanzu, uwarta tana fita nakan so in kifa ta, don na ga ta fi daɗewa tana barci.

Anti Nas:
Mama, Allah ya ƙara girma, tambayarki a kan hanya take, kuma a da likitoci ma haka suke faɗa. Abin da aka gano shi ne, in jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, ta abinci tana ƙasa, saboda haka abin da ya dawo daga ciki yakan koma ta inda ya fito. In an kifa shi ne hanyar iska take komawa ƙasa. Kuma wannan dogon barcin da kika lura da shi gaskiya ne, sai dai shi ne abin tsoron: barci ya yi nauyin da ba ya farkawa da sauƙi in numfashi ya samu matsala. Tun da aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a Amurka a 1994, mutuwar farat ɗaya ta cikin barci ta ragu ƙwarai. Kifewa sai idonta biyu, kina zaune kina kallonta, don wuya da kafaɗu su yi ƙwari.

Kakar Yara:
To, na ji. Allah ya yi miki albarka.

Ta Saman Bene:
Keken turawa ni dai asara na yi. A hawa na sama muke, babu lifta. Ki ɗauko jariri, ki ɗauko jaka, ki kinkimo keke ki sauko da shi matakala-matakala, kafin ki kai ƙasa kin fasa fitar. Abin goyo ne ya cece ni, mai ɗaurawa a gaba. Hannuwana biyu a sake, shi kuma da ya ji ɗumin jikina sai barci. Abin lura kawai, fuskarsa ta kasance a buɗe kina ganinta, haɓarsa ba ta danne ƙirji ba, kuma ya zo sama yadda in kin sunkuyar da kai za ki sumbaci kansa.

Uwar Tagwaye:
'Yar uwa, naki asara ne, nawa kuwa da ba shi da ban leƙa waje ba. Biyu ne, kuma aiki aka yi mini aka ciro su, ɗaukar ɗaya ma da dabara. Kin ga kenan ba kayan ne ke da laifi ba, gidan da suka shiga ne. Mai tambaya, ki dubi ƙofarku, ki dubi hanyar unguwarku ko taya za ta bi, ki dubi bayan motarku ko zai shiga. Wannan ya fi duk abin da za mu faɗa miki.

Haka injin tatsar nono. Ni ya yi mini rana, don ɗaya daga cikinsu bai iya kama nono da wuri ba. Amma ƙawata ta sayi mai tsada tun tana da ciki, har ta yaye bai fito daga kwalinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. In abin ya tafi daidai kuma kina tare da yaronki, ba ki buƙatar inji ko fida. In za ki koma aiki ko makaranta, lokacin sai ki saya, kin riga kin san irin wanda zai yi miki. Fida kuma kada ki sayi saiti guda, ɗaya ko biyu ki gwada, domin wasu yaran suna da zaɓen kan fida. Na'urar dafa ta fa? Tukunya mai murfi da tafasasshen ruwa suna yin aikin.

Baban Yarinya:
Keken koyon tafiya, ki soke shi da jan biro. Kyauta aka ba mu. Muka sa ta, muna ta dariya tana zarya a falo. Juyawar da uwarta za ta yi, yarinya ta kai bakin ƙofa, taya ta sarƙe a dokin ƙofa, keke ya kife da ita. Allah ya taƙaita, goshi ne ya kumbura. Likitan da ya duba ta ya ce mana ba ya koya wa yaro tafiya, gudu kawai yake ba shi da tsawon da zai kai ga abu mai zafi a kan tebur. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004, har na hannu. Tabarma ko bargo a ƙasa ta fi shi, yaro ya yi ta birgima har ya yi rarrafe.

Baƙuwa a Finlan:
A can na haifi ɗana na fari lokacin maigidana yana karatu. Gwamnatinsu tana ba mai ciki wani kwali na kayan jariri, abin da suka fara tun 1938, aka buɗe shi ga kowace uwa a 1949. In ba ki so, ki karɓi kuɗi a madadinsa. Da na buɗe na yi mamakin rashin tarkacensa: tufafi masu girma daban-daban, kayan sanyi, tawul, ƙananan kayan tsafta, da 'yar katifa daidai gindin kwalin, ta yadda kwalin kansa zai zama gado. Ɗana a ciki ya yi barcinsa na farko-farko, a gefen gadonmu. Ƙasa mai arziki ce, amma abin da suka ga jariri yana buƙata bai fi cikin kwali ɗaya ba.

Maman Uku:
Na dawo, na manta abu biyu. Ma'aunin zafin jiki, ƙarami mai lamba. Ba ya cikin jerinki, alhali ya fi rabin abin da kika rubuta amfani. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafinsa ya kai digiri 38 na Salshiyas, asibiti ake nufa ba jira, kuma tafin hannu ba ya gaya miki lamba. Sai ke kanki: audugar mata manya, rigunan shayarwa, da ƙyallen da ake sawa a rigar nono saboda zuba. Kowa jariri yake yi wa sayayya, a manta da mai jego. Hoda kuma bar ta, ƙurarta tana shiga huhunsa.

Mai Jiran Haihuwa:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zauna da maigida mun rage: gado mara kwalliya da katifa mai tauri, kujerar mota, famfas kaɗan na lambobi biyu daban-daban, riguna masu buɗewa ta gaba, tawul, abin goyo, ma'aunin zafi, da nawa kayan. Keken turawa da injin tatsar nono sai mun ga yadda hali ya yi. Saura tambaya ɗaya: yayata ta ce za ta ba ni na yaranta. Akwai wanda bai kamata in karɓa na hannu ba?

Anti Nas:
Tufafi, tawul, baho, abin goyo in ɗinkinsa da maƙalansa lafiya, duk karɓi ki wanke. Gado ma karɓi, amma ki girgiza shi ki ji ko yana rawa, ki auna tsakanin sandunansa kada ya wuce santimita 6 don kai kada ya shige, kuma in irin mai gefe ɗaya da ake zugewa ƙasa ne, bar mata abinta, a Amurka an hana irinsa saboda yana maƙale yara. Katifa in ta lotsa a tsakiya ko ta taɓa yin fumfuna, sayi sabuwa. Kan fida da abin tsotso sababbi. Kujerar mota kuwa, tunda yayarki ce kina iya tambayarta kai tsaye ko an taɓa yin haɗari da ita a mota. In an taɓa, ko ba ki ga tsagewa ba kada ki karɓa. Ki kuma juya ƙasanta ki duba, yawanci akwai ranar da aka ƙera ta da lokacin da wa'adinta zai ƙare, don roba tana tsufa.