Muhawara: Wai Turanci kaɗai ne zai fisshe yaranmu?

Injiniya Bashir (Hanwa): Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi abin da wasu ke jin nauyin faɗa. Soke koyarwa da harshen uwa da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a Nuwambar 2025, ni a wurina daidai ne. Yaro zai rubuta WAEC da Turanci, JAMB da Turanci, ya shiga ABU a yi masa lacca da Turanci, ya nemi aiki da Turanci. Don me za a tsare shi da Hausa shekara shida? Ita Hausa kuwa ba inda za ta. Harshen da BBC ke labarai da shi tun 1957, wanda Nijar ta mai da shi harshen ƙasa a 2025, ba shi ne abin tausayi ba.

Maman Ilham (Samaru): Wallahi Injiniya kamar ka shiga raina. Ni ban biya kuɗin makaranta don a koya wa Ilham Hausa ba. Wannan kyauta take samu wurin kakarta.

Malama Hadiza (Tudun Jukun): Wa alaikumus salam. Injiniya, yaushe aka yi aiki da tsarin har aka ga ya gaza? A ƙarshen Nuwambar 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar da shi, kuma da bakinsa ya ce sai an tanadi littattafai da malamai. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 yana aji uku aka soke. To wace WAEC ya faɗi? Ni da ke riƙe da alli, ko littafin lissafi ɗaya na Hausa ban gani ba. Littafi Turanci, rubutun allo Turanci, bayani kuma in yi da Hausa, don in ban yi ba ido kawai za su zuba mini. Yaro ya karanta maka shafi guda ba gargada, ka ce me aka ce a ciki, ya sunkuyar da kai. Hadda ce kawai.

Injiniya Bashir: Ai maganata ke nan, Malama. Da tun daga rabin aji aka dage da Turancin, da ba a kai ga haka ba.

Malama Hadiza: Wa zai dage? Malamin da shi kansa Turancin bai zauna masa ba?

Baba Hedimasta (Kwarbai): Bashir, ɗana, ka saurara. An gwada abin nan, ba zato ba ne. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani shiri a Ile-Ife, aka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma aka ba shi malaminsa na musamman a matsayin darasi. Da aka gwada su da takwarorinsu, ba su gaza a Turancin ba, sauran darussan kuma sun fi fahimta. Dalili a fili yake. Yaro sau ɗaya yake koyon karatu, wato haɗa baƙi da wasali ya ciro ma'ana. In ya koya da harshen da yake ji, sai ya ɗauki dabarar ya kai ta Turanci. In ka haɗa masa karatu da baƙon harshe rana ɗaya, ka ɗora masa tulu biyu a ka, kuma duka biyun za su fashe.

Mu nan Zariya ma bai kamata a yi mana wannan gardama ba. A da, makarantun elementare na Arewa da Hausa ake karantarwa, kuma daga cikinsu Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda Turancinsa har Turawa sai da suka jinjina masa. Shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa a gasar rubuta littattafai da Hukumar Talifi ta shirya a 1933. Gaskiya Ta Fi Kwabo nan garin aka fara ta a 1939, Abubakar Imam na edita. Kamfanin Gaskiya 1945, hukumar adabi ta Arewa wato NORLA 1954, kamfanin buga littattafai na Arewa wato NNPC 1966, duk a Zariya. Lokacin yaƙi da jahilci manoma sun koyi karatu da ƙananan littattafan da ake bugawa a nan garin. Yau jikokinsu na da digiri, amma a ce su rubuta wasiƙar ta'aziyya da Hausa sai gumi. Ka ce Hausa ba inda za ta, na yarda, a baki tana nan. A takarda fa?

Alhaji Na-Kano (Sabon Gari): Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma wace Hausar za a koyar? In ta Zage-zagi ce gara a bar yaran da Turancinsu.

Baba Hedimasta: Ka ji Bakano. Ku da kuka zo cin arziki, mu muka buga muku littattafan da kuka koyi karatu da su.

Anti Ladi (Wusasa): Baba, ina gaisuwa. Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Duk kuna cewa harshen uwa, kuna nufin Hausa. Ni Bajju ce, iyayena daga Zonkwa suka zo. Mamata na jin Jju sosai, ni ina ji amma bakina ya yi nauyi, 'ya'yana gaisuwa kawai suka iya. Kuma ba Turanci ne ya karɓe musu ba, Hausa ce. Kasuwa Hausa, unguwa Hausa, coci ma Hausa, don tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da ita, aikin da Dokta Miller na nan Zariya ya sha wahalarsa. Tsarin ilimi na 1977 cewa ya yi harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A Zariya kun san ma'anar wannan. Ɗan Bajju da ɗan Atyap da ɗan Adara da ɗan Gbagyi duk Hausa za a ba su, a ce musu an ceci harshen uwa. Shi ya sa mutanenmu da yawa suka gwammace Turanci, ko ba komai ba na kowa ba ne a cikinmu.

Injiniya Bashir: Yauwa Anti! Ƙasa mai harsuna sama da 500, wanne za a ɗauka wanne za a bari?

Anti Ladi: Kada ka ja ni gefenka, Injiniya. Ban ce a zubar da harsuna ba. Cewa na yi a kirga da namu.

Baba Hedimasta: Ladi, maganarki na da nauyi. Ajanci a ƙasar Bauchi ya ɓace, Auyakanci a Jigawa ya ɓace, masu su duk Hausa suka koma. Sheni wajen Saminaka tun shekarun baya ya rage a bakin 'yan tsofaffi. Nan cikin ganuwa ma, gidajen Fulani nawa ne ake hira da Fulatanci? Sai dai abin da nake so ki duba, Turancin ba zai dawo wa jikokinki da Jju ba. Zai dai sa su rasa karatu mai ma'ana a kowane harshe, in makarantar gwamnati suke. A Zonkwa a koyar da Jju, a Kwoi a koyar da Hyam, ba wanda zai yi gardama. Yaron Wusasa kuwa da Hausa yake wasa a layi, ita yake ji, da ita zai fi saurin koyon karatu.

Anti Ladi: A Zonkwa da wane littafi, Baba? Ku kuna da na shekara tamanin kuna kukan rashi.

Maman Ilham: Ni dai duk wannan tarihi ne. Masu tsara manufar nan 'ya'yansu na makarantun kuɗi a Abuja da Ingila. Talaka ne kullum ake gwaji da ɗansa. Ranar da aka ce ana ɗaukar aikin banki da Hausa, ku kira ni.

Malama Hadiza: Maman Ilham, Ilham na da uwa mai digiri, da talabijin, da malamin lesin. Ita ko da wane harshe aka fara mata za ta kai. Yaran ajina ba sa jin Turanci ko'ina sai a bakina, iyayensu ba za su iya duba musu aikin gida ba. Su nake magana a kai. Kuma ba wanda ya ce a kori Turanci, cewa muke a koyar da shi da kyau, a matsayin darasi, kafin a mai da shi abin koyar da komai.

Injiniya Bashir: To a nuna mini littafin kimiyyar sinadarai na Hausa.

Malama Hadiza: A aji biyu? Tarawa da ɗebewa muke yi, Injiniya. Kuma littafi ba ya rubuta kansa. Tanzaniya da Sawahili take firamarenta na gwamnati, sun zauna ne sun rubuta. Ga sashen harsunan Afirka a Samaru, ga masu koyon malanta a Kongo, duk nan Zariya. Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba, mai ba da aikin ne babu.

Alhaji Na-Kano: Ni a shagona Inyamuri da Bayarabe da Buzu duk da Hausa muke ciniki. Ban taɓa asarar kwabo don rashin Turanci ba sai ranar cike takardar banki.

Injiniya Bashir: Ka ga ni ba. Takardar bankin ita ce maganar.

Baba Hedimasta: Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aiki da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi. Tanadin ne har yau shiru. Takardar banki ma mutum ne ya zaɓi ya buga ta da harshe ɗaya.

Malama Hadiza: Baba, tsofaffin littattafan karatun nan in suna cikin adakarka, a ba ni aro. Ina so in gwada da yaran layinmu ranar Asabar bayan Islamiyya, ba ruwan hukuma.

Baba Hedimasta: Ki aiko yaro gobe bayan la'asar. Gara ta ci bangon wasu, sai kin sa an ɗinke.

Anti Ladi: In akwai wuri zan kawo nawa biyu. Amma a bar wa mamata rabin awa ta yi musu tatsuniya da Jju, har da 'ya'yan Hausawan.

Injiniya Bashir: Ni dai ina nan kan bakana. Benci nawa kuke buƙata?