Muhawara: horon fasahar hidimar jama'a, mutum yake ginawa ko takardar neman aiki?

Tsohon malamin makaranta, Aboabo:
Assalamu alaikum. Zan kawo maganar da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. 'Ya'yanmu da ke samun gurbi a shirye-shiryen nan da ake ɗaukar matashi na wasu watanni, a haɗa shi da wata hukuma ko ƙungiya domin ya ƙera manhajar da za ta amfani talaka, idan sun gama bakinsu ɗaya ne, wai shirin ya sauya su. A ganina kallon kitse muke yi wa rogo. Manhajar takan mutu ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare, yaron ya samu aiki a Accra ko ya haye Turai, kwatar da ya ɗauki hotonta kuma tana nan a toshe yadda ya same ta. Idan wannan ne ci gaban mutum, to Zango, wato unguwanninmu a nan Ghana, ba ta da rabo a cikinsa.

Matashiyar da ta yi shirin, Asawase:
Wa alaikumus salam, Baba Malam. Ina cikin waɗanda kake nufi, kuma gaskiya ne manhajar da muka yi ta kai rahoton kwatoci da juji ta daina aiki. Sai dai ina roƙon a duba abin da ya rage a hannuna bayan ta mutu. Kafin shirin, ban taɓa shiga ofishin gwamnati ba sai don karɓar katin ɗan ƙasa. A ofishin da aka tura ni, wani dattijon akawu ya zaunar da ni gaban kundin kasafin kuɗi, ya ɗora 'yar rula a kan layi ɗaya, ya bi da ni daga hagu zuwa dama har na gane cewa kuɗin da aka amince da shi daban ne, wanda aka saki daban, wanda aka kashe kuma daban. A can na karanta dokar 'yancin samun bayanai ta Ghana ta 2019, mai lamba 989, wadda ta fara aiki a Janairun 2020. Ta ba kowa damar neman bayani daga hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma wajabta wa jami'in bayanai ya yanke hukunci cikin kwana 14. Yau idan aka ce mini babu kuɗi, na san takardar da zan nema da wanda zan tambaya, kuma muryata ba ta rawa.

Injiniyan kwamfuta, Nima:
Ƙanwata, na ji daɗin bayaninki, amma a ɓangaren fasaha ina tare da Malam. 'Yan watanni ba sa mayar da mutum gwanin rubuta manhaja, kuma masu shirya irin wannan horo sun fi son ranar baje koli da tafi a kan tambayar wa zai riƙa biyan kuɗin ajiye manhajar a intanet bayan shekara ɗaya. Manhajojin da suka ɗore kaɗan ne, kuma akwai dalili. Ushahidi ta Kenya, manhajar da ke tattara rahotannin jama'a a kan taswira, ta taso ne a farkon 2008 a tsakiyar rikicin bayan zaɓe, lokacin da mutane da kansu ke neman inda za su kai labari. Tracka, manhajar bin diddigin ayyukan gwamnati ta ƙungiyar BudgIT a Najeriya, wadda ta fara a 2014, tana da ma'aikata da ke takawa zuwa garuruwa su duba ko an gina rijiyar da ke cikin kasafi. A nan Accra, bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Circle da ta ci rayuka sama da 150, ba sai wani ya nuna mana a taswira cewa kogin Odaw na cike da shara ba, domin kowa ya sani. Abin da ki ka koya wajen akawun nan yana da daraja, amma da hidimar ƙasa aka tura ki can, da kin koye shi ba tare da an kira shi fasaha ba.

Hajiya mai sayar da atamfa, Kejetia:
Ni tambayata ɗaya ce ga ɗiyata. Matan da ke kwashe ruwa daga ɗakunansu da bokiti duk damina, da yawansu saƙon murya kawai suke iya turawa a WhatsApp, kuma abin da kuka ƙera da Turanci yake magana. Ina amfanin ilimin da sai mai ilimi zai ci moriyarsa?

Matashiyar da ta yi shirin, Asawase:
Hajiya, wannan tambayar ita ce ta fi koya mini hankali a duk zaman da na yi, domin matan unguwa sun yi mini ita ido da ido, ina riƙe da waya suna riƙe da tsintsiya. Daga baya muka koma karɓar saƙon murya da Hausa da Twi, mu rubuta da kanmu. Ita dokar ma ta yi tanadi: wanda bai iya rubutu ba yana iya neman bayani da baki, jami'in ya rubuta masa. Shi kuma Yaya injiniya, ina ganin ka rage wa fasahar haƙƙinta. Da ban iya zuba alƙaluman shekara uku a jadawalin kwamfuta na jera su kusa da juna ba, da ban lura cewa aiki ɗaya yana dawowa a kasafi kowace shekara da sabon suna ba. Ido da rula ba za su kama wannan da sauƙi ba.

Tsohon ɗan asambuli, Sawaba:
Bari in yi magana daga cikin gida. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa asambuloli, wato majalisun gundumomi, abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, amma duk wanda ya zauna a asambuli ya san kuɗin yakan zo a makare, wani lokaci zango biyu ko uku na shekara su wuce. A zamanina ba mu da albashi sai alawus na zama, amma idan kwata ta toshe, ƙofar gidana ake bugawa tun asuba. Yaran da ke zuwa da hotuna don su kunyata mu a Facebook ba su taɓa gyara komai ba. Wanda ya zo da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi a hannu, ya buɗe shafi ya tambaye ni ina wannan kuɗin ya shiga, shi ne ya ba ni abin da zan tashi da shi a zauren taro. Irinsu ba su da yawa, Malam, kuma yawancinsu daga irin waɗannan shirye-shirye suka fito.

Tsohon malamin makaranta, Aboabo:
Alhaji, shaidarka tana da nauyi, kuma ban ce ɗiyar nan ba ta ƙaru ba. Amma har yanzu ilimin yana kanta ita kaɗai, idan ta yi aure a Tamale ko ta samu karatu a Ingila ya tafi da ita. Ina da aji a makarantar Islamiyya da babu kowa a ciki bayan La'asar ranar Asabar. Ta zo ta koya wa matasa goma yadda ake karanta kasafi da rubuta takardar neman bayani, sannan in sake duba maganata.

Matashiyar da ta yi shirin, Asawase:
Na amsa, Baba, in Allah ya yarda. Sai dai akwai abin da ya kamata a sani tun yanzu. Takardar neman bayani tana buƙatar suna da adireshi da shaidar mai nema, kuma a yankinmu duk wanda ya tambayi hukuma lissafi, kafin magariba an ba shi jam'iyya. Iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu su sa hannu ba.

Tsohon ɗan asambuli, Sawaba:
To a rubuta ta farko da sunana, tunda ni an riga an ba ni jam'iyyu biyu. Ki zo da kwafin dokar, Malam kuma ya tanadi alli da mabuɗin aji.