Mai nawa ake ƙonawa kafin kifin teku ya iso kasko?

Ɗalibar Nima (Accra, Ghana): Salamu alaikum iyaye da yayye. Ina haɗa aikin makaranta ne kan hayaƙin da jiragen kamun kifi ke fitarwa a teku. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2018 ya nuna cewa a 2011 jiragen kamun kifi na duniya sun sha mai kusan lita biliyan 40, suka saki iskar kabon tan miliyan 179. Daga 1990 zuwa 2011 hayaƙin ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, alhali kifin da ake kamawa bai wani ƙaru ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Don Allah duk wanda ya yi harkar teku ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Makanikin Tema (Ghana): Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni injin kwalekwale nake gyarawa, yawanci Yamaha mai ƙarfin doki 40. Amsarki guda ce: kifi ya yi nisa. Da, masunta kan fita da yamma su dawo da hantsi. Yanzu sai sun kwana biyu ko uku suna yawo, an jera jarkokin firimiks, wato fetur ɗin da aka gauraya da man inji, a cikin kwalekwale har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Ga injinan duk sun tsufa. Idan na kwance fulogi sai in tarar ya yi baƙi ƙirin, farfela ta ci yashi ta lanƙwashe, mai jirgi kuma ba shi da kuɗin sabuwa. Irin wannan inji, in aka tayar da shi za ki ga shuɗin hayaƙi ya kwanta a kan ruwa, da maiƙo yana bin bayansa. Akwai kuma masu ɗaukar janareta su kunna fitila cikin dare don tara kifi, duk da doka ta hana. Shi ma mai yake sha.

Hajiya Mai Banda, Zangon Sekondi (Ghana): 'Yata, abin da makaniki ya faɗa haka yake. Mu ne muke ba masunta kuɗin mai, in sun dawo su biya mu da kifi. Watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke sanyi, a da shawa, ƙaramin kifin nan mai yawo garke-garke, har rasa mai saye take yi, murhuna ba ya hutawa. Yanzu kwalekwale kan dawo da kwano biyu, wani lokaci ba ko ɗaya, mai kuwa an ƙone shi tas. Gwamnati na rage wa masunta kuɗin firimiks, kuma ba na son a janye, da shi muke ci. Amma gaskiya kwalekwalen sun yi yawa a kan kifi kaɗan, manyan jirage kuma sun daɗe suna kwashe ƙananan da ba su isa kamu ba. Wallahi abin yana hana ni barci.

Tsohon Ma'aikacin Jirgi, Legas: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni a jirgin jatan lande na yi aiki, kuma a nan ne ake ƙona mai na gaske. Taru ake ja a ƙasan teku, da manyan allunan da ke buɗe bakinsa, inji na gurnani dare da rana har tsawon makonni. Injin ƙanƙara shi ma ba a kashe shi. Idan aka ɗago taru aka zazzage a kan dandamali, jatan landen ɗan kaɗan ne, sauran duk ƙananan kifi ne da ƙaguwa da laka. Jatan landen da aka zaɓa ake zubawa a kwali a tura Turai. Litar dizal ɗaya tana fitar da kabon kusan kilo 2.7, sai ki lissafa na tankin da ake cikawa a tashar jiragen ruwa ta Apapa.

Ɗalibar Nima: Na gode Baba. Binciken ma ya ɗora yawancin ƙarin a kan kamun jatan lande da danginsa, ya ce masu zagaye garken ƙananan kifi da taru su ne mafi ƙarancin shan mai.

Makanikin Tema: In akwai garken ke nan. Ki zo bakin ruwa ranar Laraba da asuba, tunda Talata ba a fita kamun kifi, in haɗa ki da masu jirgi ki ƙirga jarkokin da kanki.