A daina ce masa azumi: neman suna ga tsarin rufe cin abinci da wuri

Assalamu alaikum malamai masu fassara da 'yan uwa masu shirye-shiryen lafiya a rediyo. Akwai tsarin da likitocin Turai da Amurka ke kira time-restricted eating, wato mutum ya tattara duk abin da zai ci a yini cikin wasu sa'o'i sanannu, galibi takwas zuwa goma, a sauran sa'o'in kuma ba ya sa komai a baki sai ruwa ko shayi marar sukari. A nan Birnin Kebbi an fara ce masa "azumin rage ƙiba", kuma ina ganin gara mu tsayar da suna kafin wannan ya zauna a bakin jama'a.

Kalmar azumi ba ta dace ba. Azumi ibada ce mai niyya da sharuɗɗa, kuma mai yin sa ba ya shan ko ɗigon ruwa. Abin da ya fi wannan damuna shi ne, mai azumi yana ci ne daga magariba zuwa asuba, alhali babbar tambayar masu bincike ita ce ko gama cin abinci da wuri yana taimakawa. Mutumin Argungu da ya ji an ce azumi zai yini da yunwa, ya jira bayan isha'i ya zauna gaban malmalar tuwon shinkafa da miyar kifi, ya bi da fura, ya kwanta, yana ganin ya cika umarnin likita.

"Rage ƙiba" kuwa alkawari ne da binciken bai gama tabbatarwa ba. A 2012, a cibiyar Salk da ke Kalifoniya, Satchin Panda da abokan aikinsa sun ga cewa ɓerayen da aka ba abinci mai maiƙo cikin sa'o'i takwas kawai ba su yi teɓa irin ta waɗanda ke ci dare da rana ba, ko da yake yawan abincin kusan ɗaya ne. A wani binciken da aka fitar a 2013 an bi mutum 420 masu neman rage ƙiba a Sifen na mako 20, aka ga masu cin abincin rana bayan ƙarfe uku sun fi jinkirin rage nauyi. A 2022 kuma, a Boston, an jinkirta wa mutum 16 abincinsu da sa'o'i huɗu, sai yunwarsu ta ƙaru, sinadarin leptin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi ya ragu, jikinsu ma ya rage ƙona abin da suka ci.

Amma a wannan shekarar ta 2022 aka fitar da sakamakon gwajin Guangzhou a ƙasar Sin, inda mutum 139 suka rage yawan abincinsu na tsawon shekara guda. Rabinsu suna ci daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma, sauran kuma duk lokacin da suka ga dama. Na farko sun rage kimanin kilo 8, na biyu kilo 6.3, tazarar da masu binciken suka ce ba ta kai a kafa hujja da ita ba. A Aberdeen ta Sukotilan ma an gwada mutum 30, kuma nauyinsu ya ragu daidai ko sun fi ci da safe ko da yamma, sai dai cin safe ya fi kashe musu yunwa. A fahimtata, yawan abin da ya shiga ciki shi ne jigo, lokaci kuwa yana sauƙaƙa wa mutum riƙe hannunsa, musamman wanda tsire da lemon kwalba ke ja bayan ƙarfe goma na dare.

An kawo shawarar "kame baki", amma mai sauraro zai ɗauka ana nufin yin shiru, ko kuma abin da ake yi idan labarin ganin wata ya iso bayan gari ya waye. "Taƙaita ci" kuma ya koma kan yawan abinci, wanda shi ne ainihin abin da muke son bambantawa.

Abin da na tsaya a kai shi ne "ƙayyade lokacin ci". Yana da ɗan tsawo, amma ya faɗi abin da ake yi, bai taɓa ibada ba, bai kuma yi wa kowa alkawarin ramewa ba. Daga gare shi muna samun "sa'o'in ci" da kuma "rufe ci", har mai gabatarwa ya iya cewa: "Hajiya tana rufe ci da ƙarfe shida, amma mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da mai juna biyu, kada su fara sai sun ga likita."

Malamanmu na Yawuri da Zuru, ku faɗa mana ko "rufe ci" ya zauna daidai a kunnen mutanenku, domin shi ne za a fi furtawa a kullum.